Duro Biyar Ga Kifi Ɗaya

Na kashe wa wani mutum kifi tara a Safana, a bazarar shekara ta biyu da muka baro ƙauyenmu. Ko ɗaya ba mu ci ba. A kansu muka rasa ɗakin da muke kwana.

Ƙauyenmu yana bayan Runka, bakin daji. Ba zan faɗi yadda muka fito ba, kowa a nan yana da irin wannan labarin kuma an gaji da ji. Shanun nomana biyu sun tafi, rumbu uku sun ƙone. Mu muka fito da ranmu a bayan a-kori-kura, ni da matata da 'ya'ya huɗu da tsohuwata. Sati uku muka yi muna kwana a barandar wasu shaguna da ba a gama ginawa ba.

Ina da taubashi mahauci a kasuwar Safana, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yara bawansa yake ce mini. Shi ya zo ya same ni wata safiya da wuƙa a hannu da ƙudaje a bayansa.

Ya ce, "Bawana, tashi na samo maka aiki. Gadi."

Na ce, "Wanda bai tsare shanunsa ba, gidan wa zai tsare?"

"Ba ɓarawo za ka tsare ba. Kifi za ka yi wa gadi. Ko shi ma guduwa za ka yi ka bar shi?"

Mai gidan da ya kai ni malamin gona ne, aiki ya kawo shi Safana. Da abubuwa suka ɓaci sai ya mayar da iyalinsa Katsina, shi yana zuwa yana komawa. Gidan yana da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki a sama, da ɗaki ɗaya a bakin ƙofa. Wannan ɗakin shi ne namu in na karɓi aikin. A tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kwano, akwai ramin siminti da ya kira kwami, cike da ruwa garau har kana ganin ƙasansa. A ciki kifayen suke.

Ban taɓa ganin irinsu ba. Ja da fari, ruwan goro, ruwan ɗorawa, wani da ɗigon baƙi a baya kamar zanen atamfa. Babban ya fi kamu ɗaya tsawo. Ba su gudun mutum. Malamin ya sa hannu a ruwa suka zo suna tsotsar yatsunsa. Ya ce sunansu koyi, asalinsu daga wata ƙasa mai nisa, shekara tara yana tare da su, duk garin da aka tura shi aiki da su yake tafiya.

Na ce, "Ana ci, ranka ya daɗe?"

"Ba a ci."

"Sayarwa ake yi?"

"Ni ba na sayarwa."

"To me ake yi da su?"

Ya ce, "Kallo."

Na gyaɗa kai. Ɗaki nake nema.

Ya nuna mini aikin. Abincinsu yana cikin buhu, ƙwayoyi ƙanana kamar kashin akuya, tafi ɗaya da safe, tafi ɗaya da yamma. Akwai ɗan inji a gefe mai hura iska cikin ruwan, shi ma da hasken rana yake aiki, da wani soso a cikinsa da zan riƙa wankewa. Kowace Juma'a in zubar da ruwa kamu ɗaya in cika da sabo. Sai ya tsaya ya dube ni.

Ya ce, "Abu na ƙarshe shi ya fi duka. Kada a ƙara komai a cikin ruwan nan. Kowane kifi ɗaya duro biyar na ruwa yake so. Tara ne, kwamin nan ba ya ɗaukar na goma."

Ya ga ban gane ba. Ya ce, "Kai manomi ne. In gero ya tsiro goma a rami ɗaya, me kake yi?"

Na ce, "Cira."

"In ba ka cire ba fa?"

"Duk ba mai yin zangarniyar kirki."

"To haka suke."

Na ce na ji. Da ya tafi na auna kwamin da ƙafa, taku biyar a tsaye, uku a kwance, zurfinsa zuwa cibiya da ɗan ɗori. Na shiga ɗakinmu na auna, taku huɗu da huɗu. Kusan ɗaya suke. Su tara, mu bakwai. A lokacin har dariya na yi.

Da damina ta yi tsakiya aka kashe ƙanena a gonarsa wajen Wagini, yana maimai. Kwana arba'in da 'yan kai sai ga matarsa a ƙofar gidan da 'ya'ya uku da ƙunshin kaya ɗaya. A wurinmu ba a tambayar ɗaki ko zai ɗauka. Matata ta naɗe tabarma ta matsa. Muka zama goma sha ɗaya. Mata da yara a ciki, kai da ƙafa. Ni na koma kwana a waje, gefen kwami. In an yi ruwa in tsuguna ƙarƙashin rumfar kifi har ya ɗauke.

Da malamin ya zo ya ga takalma a ƙofar ɗakin. Na ga idonsa yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya yi mini gaisuwar ƙanena, ya shige wurin kifinsa.

Abin da yake ba ni a wata, kafin matar ƙanena ta zo, yana kai mu kwana ashirin. Bayan ta zo ba ya kai sha biyu. Muka koma ci sau ɗaya. Tuwon dusa, kwaɗon tafasa, wani lokaci kunu tsararo da ba ya riƙe ludayi. Safe da yamma kuwa ina tsaye ina watsa wa kifi abinci, yara bakwai suna bayana suna kallo. Wata rana ƙwaya ɗaya ta faɗi a bakin siminti. Autarmu, shekararta uku, ta tsince ta sa a baki tana tauna. Uwarta ta gani. Ta juya ta shiga ɗaki.

Hanyar Katsina ta ƙara lalacewa. Malamin da yake zuwa kowane sati ya koma wata-wata, daga baya ma sai ya fi haka. Waya kuma ba ta shiga a lokacin. Gidan ya zama ni da kifi.

Da rani ya yi nisa, tafkin da ke bayan gari ya ja baya, ya rage laka da ɗan ruwa a tsakiya. A ƙauyenmu in tafki ya kai haka, maza da yara ake shiga a kama tarwaɗa da hannu. Manyan a ci. Ƙananan a jefa a rijiya, su cinye tsutsa su girma, in an zo yasa a kwashe su. Haka na tashi na ga ana yi. Na sha tona laka in tarar da tarwaɗa kusan ɗari a ramin da bai fi masaki ba, wannan kan wannan, ba ruwa sai danshi, kuma duk da ransu. Iyakar abin da na sani game da kifi ke nan. Abu ne da ba ya neman wuri.

Na ɗauki bokiti biyu na tafi. Na dawo da su cike da 'ya'yan tarwaɗa kamar yatsa, sun fi ɗari biyu.

Matata ta tare ni a bakin kwami. Ta ce, "Baban yara, mutumin nan ya ce kada a ƙara komai."

Na ce, "Irin nasa yake nufi. Waɗannan a ƙasa suke kwanciya, nasa a sama suke yawo. Ina suka haɗu?"

"In ya zo fa?"

"Kafin ya zo sun girma mun kwashe. Dubi ruwan nan. Rabinsa ba kowa."

Ta ce, "Ni dai ɗakin nake ji."

Tsohuwata tana zaune a bakin ƙofa tana jin mu. Ta ce, "Ƙyale shi. Ruwan da jaki zai yi iyo a ciki, a ce na kifi tara ne?"

Na juye bokitan. Suka watse suka nutse ƙasa, kamar ban zuba komai ba.

Ban taɓa buhun malamin don tarwaɗata ba, wannan ko a gaban Allah zan faɗa. Wurin taubashina nake zuwa da gwangwani in an gama fiɗa, ya tara mini guntun hanji da daskararren jini da abin da ake kankarewa a tumbi.

Da ya hango ni sai ya ɗaga murya don mahauta su ji. "Ga sarkin ruwa nan. Bawana, yau talakawanka me za su ci?"

In ce, "Abin da kake sayar wa mutane da sunan nama."

"In sun girma babban nawa ne. Kai ka ci kai, dama shi ka rasa."

Tarwaɗa akwai ci. Da na watsa hanjin sai ruwan ya tafasa. Cikin wata biyu suka kai tsawon tafin hannu, wasu sun fi. Yara suna leƙawa suna zaɓe, kowa da tasa. Rabon da in ji suna gardama a kan abin da za su ci tun muna gida.

A wannan lokacin ne kuma ruwa ya yi wuya a gari. Mutane sun yi yawa, kowace rana ana shigowa daga ƙauyuka. Mata suka gano akwai burtsatse a gidan, suka fara jera jarkoki a ƙofa tun hantsi. Yawancinsu na san ƙauyukansu, wasu na san mazajensu da aka binne. Tankin abin da yake tarawa a yini bai isa in cika musu in kuma canza wa kifi ruwa ba. Juma'a ta zo, na dubi layin jarkoki na dubi kwami, na ce mako mai zuwa. Haka na yi sau uku.

Ruwan ya daina nuna ƙasansa. Ya yi kore, ya koma kamar ruwan kwata, yana ɗan wari in rana ta take. Soson injin in na wanke da safe, kafin la'asar ya toshe.

Sai kifayen malamin suka fara wani abu. Da sassafe duk su taso sama, su jeru kusa da inda injin yake huro iska, baki a buɗe, suna buɗewa suna rufewa. Haka suke yi in sun ga na zo da abinci. Na ce tarwaɗa ce take cinye musu rabo, yunwa suke ji. Yunwa na sani, ita nake gani a ɗaki kullum, na ɗauka ita ce a ruwan ma. Na ninka musu abinci, tafi biyu da safe, biyu da yamma. Ba su ci. Ƙwayoyin su jiƙe su nutse su ruɓe. Na ƙara.

Daga baya malamin ya gaya mini numfashi suke nema. Ba wanda ya taɓa gaya mini kifi yana shaƙewa a cikin ruwa.

Bazara ta kama sosai. Aka yi kwana biyu hadari yana haɗuwa yana rufe rana, ba ya zuba, ga zafi kamar an kife gari da tukunya. Injin ya yi ta rage ƙarfi har ya yi shiru. Na dawo daga sallar asuba gari ya fara haske, na leƙa. Huɗu suna kwance a kan ruwa, ciki sama. Kafin hantsi takwas. Babban ya rage, yana tangaɗi a gefe. Na shiga ruwan da wandona na rungumo shi, na sa shi a bahon wankin matata, na juye masa ruwan randarmu duka. Ya kai azahar. Ina tsugune a kansa ya daina motsa baki.

Tarwaɗa ko ɗaya ba ta mutu ba. Su taso su kurɓi iska a sama su koma. Kafin in gama kwashe matattun har sun fara cin cikin guda biyu.

Na jera su tara a kan tabarma a inuwa. Matar ƙanena ta ce da matata a hankali, kifi ai ba ya mushe. Matata ta zo ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Sun riga sun mutu. Yaran nan rabonsu da nama tun layya."

Na ce, "Ba nawa ba ne."

"Ruwan da ka zuba naka a ciki, naka ne?"

Na janye tabarmar daga gabanta. Ban kuma bari an taɓa su ba. So nake ya zo ya gan su tara cif, kada ya ce sayarwa na yi ko ci. Na ba wani direba saƙo zuwa Katsina. Washegari suka kumbura, ƙudaje suka rufe su, launin ya koɗe ya zama fari-fari. Na haƙa rami gindin darbejiya na binne su. Shi bai gan su ba, yara ba su ci ba.

Rana ta huɗu ya iso a kan babur, da ƙura har gira. Na gaishe shi ya amsa. Ya wuce bakin kwami ya tsaya. Ruwan baƙi, gashin bakin tarwaɗa yana fitowa yana komawa. Ya daɗe a tsaye.

Ya ce, "Ina suke?"

Na nuna masa gindin darbejiya.

"Har babban?"

"Har shi, ranka ya daɗe. Shi ya yi ƙarshe."

Ya tambaye ni abin da na yi, na faɗa masa duka, da bokiti biyu, da hanji, da Juma'a uku, da abincin da na ninka. Ban rage komai ba. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Na gaya maka duro biyar."

"Ka gaya mini."

"Na yi maka misali da gero."

"Ka yi."

"To me ya sa?"

Na ce, "Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin can."

Ya ce, "Na sani. Ku bakwai na ba ɗakin. Na ga takalma ban ce komai ba. Na ga jarkoki a ƙofa ban ce komai ba. Abu ɗaya na ce kada a taɓa mini."

Ya zauna a bakin simintin ya cire hula. Ya ce babban nan tun yana kamar ɗan yatsa ya saye shi, shekarar da aka haifi 'yarsa ta fari. Da a ce na tambaye shi, da ya saya mini tsohon duro biyu na zuba tarwaɗata a bayan ɗaki, ita ko a duro tana rayuwa. Wannan maganar ta fi komai ci mini rai. Duro biyu. Ban tambaya ba don na san amsar masu gida, ashe ban san tasa ba.

Ya ce, "Tunda ba kifi, ba gadi. Gidan ma rufe shi zan yi, na nemi a mayar da ni Katsina. Su ne dama suke dawo da ni garin nan. Ka kwashe naka. Na ba ka mako guda."

Matata tana bayan ƙofa tana ji. Tsohuwata ta fito da sanda za ta roƙe shi, na ce ta koma. Bai zalunce ni ba. Da ya zalunce ni da na fi samun sauƙi, da ina da wanda zan riƙa tsine wa in na kwanta.

Na zubar da ruwan, na kama tarwaɗa. Sun ci junansu da yawa, abin da ya rage tamanin da 'yan kai, amma sun yi ƙiba. Na wanke kwamin da toka da tsintsiya har simintin ya fito fari. Matata ta yi banda da rabi, rabi muka ci. Makon nan shi ne mako mafi daɗi da yaran suka yi tun da muka baro gida. Miyar kifi safe da yamma, mai yana bin haɓarsu. Autar tana rawa da kan tarwaɗa a hannu. Mu manya muna kallonsu muna ɗaure kaya.

Na kai wa taubashina babbar, kamar yadda ya ce. Ya karɓa ya juya ta. Mahauta suna jira ya yi mini tsiya. Ya ce, "Ka kawo mini tsohuwarka ta zauna wurinmu kafin ka samu wuri." Shi ke nan abin da ya ce.

Ranar da mako ya cika muka rabu uku. Matar ƙanena ta tafi da 'ya'yanta wurin danginta, daga baya na ji ta rarraba su gida-gida. Tsohuwata ta koma gidan mahaucin, can ta rasu kafin a yanke gero, ban iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Ni da matata da yara huɗu muka hau mota zuwa Batsari, da tabarma biyu da tukunya da kwandon bandar kifi. Ɗakin da na ce ba ya ƙin kowa, ƙarshe ba wanda ya kwana a cikinsa. An sa masa kwaɗo.

Matata ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Sau ɗaya dai, mai tallan kifi ya wuce, ɗanmu ya ce a saya, ta ce, "Mun ci namu."

Har yau in na tuna, raina ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wata rana in ce wane irin kifi ne wannan da sai an ba shi ɗaki guda na ruwa, mutane suna kwana kai da ƙafa. Wata rana in tuna shekara talatin ina cirar gero, ina tsuguno ina tumɓuke mai rai don na kusa da shi ya yi zangarniya, ban taɓa jin tausayi ba don na san gaskiya ce. Mutumin nan da harshena ya yi mini magana. Na ji, na kuma zuba bokiti biyu.

Yanzu ina Batsari, a wani shago mara ƙyaure bayan kasuwa, mu shida, mun rataya buhu a ƙofa. Kurar ruwa nake turawa. Jarka goma take ɗauka, jarka takwas ke cika duro. Ruwan kifi ɗaya sawu huɗu ne. A yini, in ƙafata ta yarda, sawu shida nake yi.